Amsa ga Hajiyar da mage ta sake haihuwa a silin ɗinta, 'yarta kuma ta ce sai ta Turai

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana yaran ya shirya su. Na karanta saƙonki har ƙarshe, bari in ɗan maimaita shi a taƙaice don masu irin matsalar su san inda muka dosa. Kince kina Unguwar Dosa, wata mage da baki san mai ita ba ta mayar da silin ɗinku ɗakin haihuwa, wannan ne karo na uku, sannan a bayan layinku akwai bola da karnuka ke taruwa suna tsorata yara masu tafiya makaranta da masu fita sallar asuba, har maƙwabta sun fara cewa a zuba musu guba kowa ya huta. Ga kuma 'yarki ta ƙwallafa rai a kan mage mai tulin gashi irin wadda take gani a TikTok, ke kuma kin ga bidiyon yadda Turawa ke zuwa gidan ajiye dabbobi su ɗauko wadda bata da kowa, shine kike tambaya ko akwai hatsari mutum ya ɗauki ta titi ya riƙe, kuma me yasa abin nan baya raguwa duk korar da ake musu.

Ni likitan dabbobi ne a nan cikin Kaduna, kuma gaskiya duk da shanu da kaji ne suka fi ci mana lokaci, da wuya sati ya fita ba'a kawo min maganar mage ko kare ba, yawanci ma sai abu ya riga ya lalace ake zuwa. Amsata a dunƙule itace eh, ki ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yan ta silin ɗin, ta fi miki wadda za'a sayar miki da tsada ta kowace fuska, amma ɗaukar kaɗai ba zata rage komai a layinku ba in har uwar na nan da mahaifarta. Bari in warware miki dalili.

Mage fa bata jiran ta girma. Tana wata huɗu zuwa shida zata iya ɗaukar ciki, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne kacal, ta haifi uku, huɗu, biyar, wani sa'in har shida. A ƙasashen sanyi suna ɗan hutawa da hunturu saboda yini na gajarta sosai, mu nan da tsawon yini baya wani canzawa ba hutu, shekara ta zagayo tana abu ɗaya, haihuwa biyu ko uku, kuma tana cikin shayarwa ma zata iya sake ɗauka. Wani abin da mutane basu sani ba, a jikin mage barbarar ce da kanta ke sa ƙwan ya sauko, shi yasa da wuya muzuru ya same ta bata ɗauka ba. Kukan nan da kike ji da tsakar dare kamar na jariri, wanda wasu ke tashi suna tofa ayatul kursiyyu suna cewa aljani ne ko mayya, to addu'a kam alheri ce a ci gaba, amma mage ce ke kiran muzuru, kuma daga wannan daren ki fara ƙirga wata biyu. Yi lissafi da kanki, haihuwa biyu a shekara huɗu-huɗu takwas kenan, a ce rabi mata ne, matan haihuwar farko kafin shekarar ta ƙare suma sun haihu. Akwai wani adadi da ke yawo a intanet wai mage ɗaya da zuri'arta zasu kai 420,000 a shekara bakwai, wannan lissafin takarda ne da ya ɗauka ba wadda zata mutu. Wani bincike da aka yi a Amurka aka fitar a 2004 ya bi diddigin 'ya'yan magunan titi ya tarar kusan kashi 75 cikin ɗari sun mutu ko sun ɓace kafin wata shida. To kinga inda abin tausayin yake, ba wai kawai suna da yawa bane, haihuwarsu ake suna mutuwar wahala, ruwan damina ya ja wasu a kwata, yara su jefe wasu, mota ta take wasu, tsutsar ciki ta cinye saura. Ita karya tata da ɗan sauƙi, kamar sau biyu a shekara take neman barbara, ciki kwana 63, amma fa in ta tashi sai ta zube miki kwikwiyo shida ko takwas.

Sannan mu daina ɗora wa dabbobin laifi su kaɗai. Yawancin karnukan da muke kira na bola suna da masu su, mai gida ne ya ajiye don gadi ko ɗan farauta ne, da rana a ɗaure da dare a kwance igiya a ce je ka nemi abinci, ko kuma wanda ya sayi kwikwiyo don kwalliya da ya girma ya fara cin tiya guda sai aka buɗe masa get. Maguna kuma kowa ya san yadda muke yi, a zuba 'ya'yan a buhu ko kwalin taliya a ba almajiri ɗari biyu a ce ya kai su nesa, shi kuma ya tsallaka titi ya ajiye a bolar wata unguwar, su ma can haka suke aiko muku da nasu. An taɓa shigo min da irin wannan kwalin da safe, an ɗaure bakinsa da tsumma, ciki guda biyar ne idonsu ko buɗewa bai gama ba, sun cure wuri ɗaya jikinsu sanyi ƙalau, biyu sun riga sun sandare, sauran suna buɗe baki amma sautin baya fita, ƙuma na yawo a cikin kunnensu kamar an watsa. Ita kuwa uwar da aka raba da su, nono ya tsaya mata, cikin sati biyu uku ta koma neman muzuru. Wato wanda ya zubar ɗin ma gaggauta wa kansa wata haihuwar yayi.

Abu na biyun da ke riƙe su abinci ne. Dabba bata zama inda ba zata ci ba. Duk inda kika ga karnuka sun yi sansani duba da kyau, akwai bola, ko mayanka, ko masu fige kaji da ke zubar da hanji, ko masu kifi, ko gidan biki da ake juye ragowar shinkafa a bakin kwata. Yawan abincin wurin shine ke yanke yawan bakin da zai zauna a wurin.

Nan ne maganar gubar ta rushe. A ce yau kun kashe goma, bolar na nan, abincin goma na nan, cikin 'yan makonni na Badarawa da na Kawo sun gano wuri ya faɗi sun cike, waɗanda suka tsira kuma yanzu sun ƙoshi sai su fi haihuwa 'ya'yansu su fi rayuwa. Kamar noman ciyawa ne a tsakiyar Agusta, kafin ki kai ƙarshen kunya farkon ya tofo. Kuma baƙin da suka shigo ba ku san su ba, ba su san yaranku ba, faɗan neman wuri zai ƙaru, cizo ya ƙaru. Ita gubar ma bata karanta suna, kajin maƙwabta zasu tsattsaga, akuya ta lasa, ungulu ta ci gawar ta mutu, magunan da ke kama muku ɓera su tafi, ga yara ƙanana masu tsince-tsince a ƙasa, Allah ya kiyaye. In maguna suka ƙare ɓera ne zai yi sarauta a sito, kuma ɓera ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, har hukumar lafiya ta duniya cikin shawarwarinta na kariya tana ambaton ajiye mage a gida. Ba mu kaɗai muka gwada kisa ba. Tsibirin Bali na Indonesiya ciwon haukan kare ya shige su a 2008, suka yi ta kashe karnuka dubbai cutar na ci gaba da yaɗuwa, sai da suka koma yi wa karnuka rigakafi gida-gida daga 2010 sannan mutuwar mutane ta sauko. Meziko kuwa da allura ta ci nata yaƙin, a 2019 hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar da ita a matsayin ƙasa ta farko da aka shaida ta kawar da haukan kare da mutane ke ɗauka daga kare. A birnin Jaifur na Indiya tun 1994 suke kama karnukan titi a yi musu tiyatar hana haihuwa da rigakafi a mayar da su inda aka ɗauko su. Ƙa'idar da masana suka tsaya a kai itace in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri rigakafi cutar bata samun hanyar zagayawa. Kare mai rigakafi da aka fiɗiye yana zaune a bolarku ya fi muku alheri a kan gurbin da ba ku san wa zai cike ba.

Yanzu gidan ajiye dabbobin da kika gani a bidiyo. Tsohon tsari ne a wurinsu, ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta Ingila tun 1824 take, gidan karnuka na Batasi a Landan 1860, irin wannan ƙungiya ta Amurka kuma 1866. Mutum yaje ya zaɓa, a yi masa tambayoyi kamar mai neman aure, ina kake zama, wa zai kula da ita in kayi tafiya, ya biya ɗan kuɗi a bashi dabbar an riga an mata rigakafi da tiyata. Abin da bidiyon baya nunawa shine ɗakin baya. Ƙiyasin ƙungiyar ta Amurka na wajen 2019 ya nuna a lokacin karnuka da maguna wajen miliyan 6 ke shiga irin gidajen a shekara, kuma kusan 900,000 allurar mutuwa ake musu saboda ba wuri ko ba mai ɗauka ko ciwo. A shekarun 1970 waɗanda ake kashewa sun haura miliyan goma a shekara, kuma abin da ya sauko da adadin ba yawan gine-gine bane, tiyatar hana haihuwa ce da ta zama ruwan dare mai araha. Mu a nan irin wannan tsarin bai kafu ba, 'yan ƙalilan ɗin da ake da su a ƙasar na masu zaman kansu ne kuma sun fi yawa a Legas da Abuja. Ni kuma ban cika damuwa da a gina mana ba tukuna, don in aka gina ba kuɗin abinci ba magani, wata uku ya zama kurkuku mai wari da cuta ke kashe su gaba ɗaya. Namu gidan ajiyar shine silin ɗinki, da garejin makanikai, da bayan shagon mai nama, da asibitin dabbobi inda ake yawan barin wasu a ce a nema musu mai so, da zaurukan WhatsApp da Facebook da zaki ga an sa hoto an ce kyauta ne mai so yazo ya ɗauka.

To yaya ake ɗauka ba tare da an kwaso wa gida ciwo ba. Na silin ɗin nan kar ki raba su da uwar sai sun kai sati takwas, nononta ne rigakafinsu na farko kuma ita ke koya musu binne kashi da wasa ba tare da fito da farce ba. Amma tun suna sati biyu uku a fara taɓa su a hankali kullum, don tsakanin sati biyu zuwa bakwai ne mage ke yanke shawarar ko mutum abokin zama ne ko abin gudu, in wannan lokacin ya wuce ba hannun da ya taɓa ta zaki sha wahala kafin ta saki jiki. Shi yasa babbar magen da ta tashi a daji ko bola, mai hura hanci tana kwantar da kunne in an matso, bana ba kowa shawarar kulle ta a ɗaki wai zai mayar da ita kyanwar Lami, a mata tiyata da allura a sake ta inda ta saba ya fi mata ya fi miki. In kuma a hanya kika tsinci jarirai kar ki yi saurin kwashewa, sau da yawa uwar kiwo ta tafi, ki barbaɗa toka ko gari kewaye da su ki dawo bayan 'yan awanni, in kin ga sawu to tana zuwa. In ta tabbata marayu ne, ɗumi ne farko kafin abinci, ruwan ɗumi a gora a naɗe da tsumma a ajiye gefensu, a basu madarar da aka yi don su duk awa biyu zuwa uku har dare, kuma bayan kowane ci a shafa musu ƙasan wutsiya da auduga mai ɗumi don basa iya fitsari da kansu sai uwa ta lasa. Madarar shanu da ta gari da muke sha zawo take sa su, a nan mutane da yawa ke kashe su da niyyar alheri.

Ranar da ta shigo hannunki, kafin yara su fara rububi, a kai ta wurin likita. Zamu duba ido da hanci ko suna zubar da ruwa, mu ɗaga leɓe mu ga dasashi, in fari ne fat to ƙuma da tsutsa sun sha jininta, mu duba fata ko akwai inda gashi ya zube ya yi da'ira, wannan makero ne kuma yana kama yara. A bata maganin tsutsa, a kashe ƙuma, rigakafin cututtukan mage daga sati takwas a maimaita bayan sati uku zuwa huɗu, na haukan kare kuma in ta cika wata uku sannan duk shekara, eh mage ma tana ɗaukar haukan kare. Sati biyun farko ta zauna ɗaki ɗaya ita kaɗai ana lura da ita. Wadda kika ga da raunin cizo a jiki ba'a san me ya cije ta ba, ko tana dalalar da miyau, ko tana tangaɗi, ko dabbar da ta saba gudun mutane yau kuma ta zo tana shisshige miki ba dalili, wannan kar a taɓa, a kira mu. In kwikwiyo ne mutum ya ɗauka, allurarsa daga sati shida zuwa takwas ake farawa a dinga maimaitawa har wata huɗu, kuma kar ya taka waje kafin ya gama, akwai cutar fabo mai sa amai da zawon jini mai ƙarni, kwana biyu uku ta gama da shi, ƙwayarta kuma tana watanni a ƙasa bata mutu ba.

Don Allah ga abin da nake roƙon kowa. Kar a ba mage farasitamol ko Panadol, ko rabin ƙwaya, hantarta bata iya sarrafa shi, fuska ta kumbura dasashi ya koma ruwan ƙasa ta mutu. Kar a wanke dabba da Sniper ko fiya-fiya ko baƙin mai wai maganin kaska da ƙazuwa, ta fata yake shiga kuma zata lashe. Maganin kaskar kare ma akwai mai sinadarin famitirin da ke sa mage farfaɗiya har lahira. Abinci kuma mage maciyar nama ce ta asali, tuwo da miya ba zasu riƙe ta ba, ga albasa da tafarnuwa na miyar suna fasa mata jini. Ba sai kin sayi na gwangwani mai tsada ba, kan kifi da kayan cikin kaza daga wurin masu fige kaji a dafa ba gishiri ba magi, da dafaffen ƙwai, a ɗan cakuɗa da shinkafa, sai dai kar hanta ta zama ta kullum kuma a cire ƙashin kaza. Bayan gidanta tsohuwar roba da yashi, a kwashe kullum. Maganar da ake yaɗawa wai gashin mage na hana mace haihuwa ba haka bane, abin da ke akwai wata ƙwayar cuta ce toksofilasma da ke fita a kashinta wadda ke iya taɓa ɗan tayi in mai ciki ta kamu karon farko, ana ma ɗaukarta ta naman da bai dahu ba da ganyen da ba'a wanke ba, kuma kashin sai ya kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya zama mai harbi, don haka mai ciki ta bar wa wani kwasar yashin, shikenan, ba sai an kori mage ba.

Sai babbar maganar, tiyata. Namiji fiɗiya ce irin wadda muka sani a bunsuru, sai dai da allurar barci ake yi, mintuna kaɗan an gama, ya daina fesa fitsarin nan mai wari a labule, ya rage yawon dare da dawowa da kunne a yage. Mace kuma ana buɗe ciki kaɗan a cire mahaifa da ƙwayayen, a hana ta abinci daren da za'a yi, da yamma ta koma gida, kwana goma zuwa sha huɗu a cire zare. Mage tana wata huɗu zuwa biyar ya kamata a yi kafin muzuru ya riga ki, karya irin tamu ta gida wajen wata shida. Ba gaskiya bane wai sai ta haihu sau ɗaya tukuna, yin ta kafin ta fara neman namiji ma shi ke rage mata hatsarin kansar nono sosai. Ba gaskiya bane wai zata daina kama ɓera ko kare ya daina gadi, yawon banza kawai zai bari, kuma zai tsira daga wani ƙari mai zubar jini a al'aura da karnuka ke shafa wa juna wurin barbara, wanda ya cika karnukan da ke yawo a garin nan. Abin da nake gargaɗi a kai shine allurar tsarin iyali ta mata da wasu ke saya a kemis su tsira wa mage ko karya. Tana aiki na ɗan lokaci, daga baya a kawo mana ita ciki ya kumbura tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa bata cin abinci, mu buɗe mu tarar mahaifar da a ƙa'ida bata wuce kaurin tsinken tsire ba ta cika tam da mugunya ta yi kaurin hannun yaro, a ɗaga ta a hankali da hannu biyu ana addu'ar kar ta fashe a ciki. Tiyatar da aka guje wa saboda kuɗi ita za'a yi dai, a ninka kuɗin, wani lokacin kuma a rasa dabbar. Kuma a nemi likita na gaskiya mai rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, ba mai yawo da jaka da reza ba. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha da masu zaman kansu a cikin gari, in abu ya yi tsanani ga asibitin koyarwa na dabbobi na ABU a Zariya.

Na san wani zai ce ya halatta kuwa. Ni ba malami bane, a tambayi malamai, amma dai mun san ana fiɗiye rago da bunsuru don maslaha kuma malamai da yawa sun yi fatawar halaccin yi wa mage in akwai buƙata kuma ba azabtarwa. Abin da ba saɓani a kansa shine hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, bata ciyar da ita ba bata sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, da na wanda Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi da takalminsa, da kuma cewa mage ba najasa bace, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Kare kuma an yi izinin riƙe shi don farauta da kiwo da gona, malamai suka haɗa da gadin gida in da buƙata. Ba wanda ya ce lallai ki so kare ko ki shigo da shi falo, amma tsakanin rashin so da zuba masa guba ya kwana yana shure-shure akwai tazara.

Ita kuma 'yar taki mai son mage 'yar Farisa, wato mai tulin gashin nan, ki faɗa mata inji likita. Irin nan mai shafaffen hanci da ƙyar take numfashi ko a ƙasarsu, balle zafin Maris da Afrilu na Kaduna ga ba wuta, idonta kullum cikin hawaye, gashin in ba'a taje kullum ba ya dunƙule sai an aske, kuma akwai ciwon ƙoda na gado da ya yi yawa a jinsin. Da yawan waɗanda ake tallatawa ma ruwa biyu ne, an raba su da uwa tun suna sati huɗu don a yi saurin karɓar kuɗi, katin rigakafin kuma in kika duba ba sa hannun likita ba lambar kwalba. Haka masu sayen karen ƙasashen ƙanƙara mai gashi su ɗaure shi a rana a Barnawa. Tamu ta gida kakanninta sun sha zafin nan da ƙumar nan sun rayu, in ta samu abinci wata biyu gashinta har sheƙi yake, kuma mage mai kulawa tana kai shekara sha biyar, don haka yarinyar ta sani ko ta tafi jami'a ke za'a bar wa.

Karnukan bolar kuma aikin unguwa ne ba naki ke kaɗai ba. Maigida ya samu mai unguwa da limami a zauna, a gano masu karnukan don wallahi yawancinsu an san su, a sa rana ɗaya a kira likita ya yi wa duka rigakafi, in an haɗa kai kuɗin kowa kaɗan ne, cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos da ke nan tun 1924 tana yin allurar a cikin ƙasar nan. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ranar yaƙi da haukan kare ce ta duniya, lokacin likitocin dabbobi kan fito yin allura kyauta ko da rangwame, a sa kunne. A fara fiɗiya da matan don su ke haihuwa. A kwashe bolar ko a killace ta, masu kaji da nama su daina zubar da hanji a fili. A koya wa yara in kare ya taso kar su ruga kar su jefe shi, su tsaya cak su kawar da ido, kuma kar su kusanci karya mai jego ko kare yana cin abinci.

In kuma tsautsayi ya faɗa an ciji wani ko mage ta yakushe shi har jini, wannan kar a yi wasa. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a duba agogo, sannan a wuce babban asibiti irin su Barau Dikko a ranar a fara allura, a kuma cika ta yadda aka rubuta. Ba ƙona gashin karen a shafa, ba ɗaure wurin da ganye a jira a gani. Haukan kare na kashe mutane kusan 59,000 duk shekara a duniya, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da 15, yana iya kwanciya wata biyu uku ciwon ya warke kowa ya manta, ranar da mutum ya fara tsoron ruwa kuma magani ya ƙare. In an san karen a ɗaure shi a lura da shi kwana goma ana ci gaba da allurar, in ya mutu ko an riga an kashe shi kar a jefar kar yara su taɓa, a kira likitan dabbobi a aika kan a gwada.

Uwar silin ɗin nan ki fara ajiye mata abinci wuri ɗaya lokaci ɗaya kullum, kina matso da kwanon a hankali zuwa cikin sito ko wani ɗaki mai ƙofa, don ranar kamu kar a yi ta tsere da ita, kuma kar kowa ya kama ta da hannu tsirara, da kwando mai murfi ko bargo mai kauri ake yi. 'Ya'yan na cika sati takwas a sauko da su, ki zaɓi taku, ko biyu ma don sun fi zama lafiya in suna da abokin wasa, sauran a nema musu gidajen da kika yarda da su a gaya musu maganar tiyatar tun a bakin ƙofa. Uwar a bata kamar sati biyu nono ya ƙafe sannan a kawo ta, kar a wuce haka don zata sake ɗauka, kuma sai kin tabbata ba sauran ko ɗaya a sama kafin kafinta ya toshe ramin da take shiga.